Abokin Kuka

Akwai wata tambaya da ta ke tasowa a cikin ikkilisiyoyinmu, dattawa kuwa ba su zama baki ɗaya a kanta ba. Ga ta: idan likita ya gaya wa mai-bi cewa ciwon daji ne ya kama shi, ko daidai ne ya tashi ya nemi waɗansu masu-ciwo irin nasa, mutanen da ba danginsa ba ne, watakila ma ba addininsu ɗaya ba, ya buɗe musu cikinsa? Waɗansu sun ce wannan tonon asirin gida ne. Waɗansu sun ce alamar ƙarancin bangaskiya ce, gama wanda ya ke da Allah, da fasto, da mata da 'ya'ya, me zai nema a bakin baƙo a barandar asibiti? Ba mu raina masu-faɗin haka ba, don da yawa a cikinsu sun yi jinyar iyayensu da hannuwansu. Amma muna ganin sun kuskure hanya. Za mu nuna dalili a hankali, mu kuma nuna inda maganarsu ta ke da gaskiya, gama tana da ita.

Bari mu fara duban ciwon tukuna. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kowace ta kan rayu, ta rabu biyu, ta tsufa, ta mutu, wata ta maye gurbinta, duk bisa ga ƙa'ida. Sankara, wadda a ke kira ciwon daji, ita ce sa'ad da waɗansu ƙwayoyin suka ƙi bin ƙa'idar, suka yi ta ninkuwa ba tsayawa har suka zama ƙulli, daga baya kuma su bi hanyar jini su yi sansani a wani sashin jiki. Sunan ɗaya ne, amma ciwon iri-iri ne fiye da ɗari, kowane da halinsa da maganinsa. Masu-lissafi na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 mutum fiye da 120,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuwa suka rasu. Na mama shi ne a gaba. Dalili ɗaya na yawan mutuwar nan shi ne zuwa asibiti a makare. A ƙauyuka da yawa a kan ce daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙar likita sai ya fusata. Saboda haka a kan yi ta shafe-shafe da turare har wata shida ko shekara. Sa'ad da aka kai mutum asibiti, ciwon ya riga ya yi nisa; in ya mutu bayan aikin, sai a ce ai ga shi, ƙarfe ne ya kashe shi. Da haka camfin ya ke ciyar da kansa.

An san mafarin waɗansu iri sarai. Sankarar hanta sau da yawa tana biyo bayan ciwon hanta na ƙwayar cuta, ko kuwa dafin wata funfuna da ke fitowa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Ta bakin mahaifa ƙwayar cuta ce ke jawo ta, tun watan Oktoba na 2023 kuwa aka fara yi wa 'yan mata masu-shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a ƙasar nan. A shekara ta 1958 wani likita mai-suna Denis Burkitt, yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yara a ƙasashe masu-zafi da damina, inda zazzabin cizon sauro ya yi yawa. A 1964 aka gano ƙwayar cutar da ke da hannu a ciki. Yaro ɗan shekara bakwai da muƙamuƙinsa ya kumbura, wane zunubi ya yi? Almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa musu a Siluwam, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Wanda ya tsaya a gaban mai-ciwon daji yana binciken laifin da ya jawo masa ciwon, ya sani yana yin abin da Ubangijinsa ya ƙi yi.

To, ga mutum ya dawo gida da takardar likita a aljihu. Gidan cike ya ke da masu-ƙaunarsa. Me ya rasa?

Ku lura da abin da ya kan faru. 'Ya'ya su kan ja likita gefe su ce kada a gaya wa Baba, don kada zuciyarsa ta karye. Baba kuwa ya riga ya gane, gama labarin zuciya a tambayi fuska, ya ga fuskokinsu. Shi ma sai ya yi shiru don kada ya karya nasu zukatan. Kowa yana tsare kowa, kowa kuma yana kwana shi kaɗai da abu ɗaya. Masu-dubiya suna zuwa: sannu, yaya jiki, Allah ya sawwaƙe. Amsa ɗaya ce, da sauƙi. Al'adar dubiya abu ne mai-kyau ƙwarai, ƙasashe da yawa da suka fi mu asibitoci sun yi hasararta, ba ma so a ji kamar muna kushe ta. Amma gaisuwar tana da ƙofa ɗaya tak. Mai-ciwo ba shi da hanyar ce wa surukinsa da ya zo daga nesa, jiya da dare na ji tsoron mutuwa har na jiƙe da gumi. Mace ba ta iya gaya wa ɗanta na fari abin da ta gani a madubi bayan an cire mata mama. Kunya ta hana, kunya kuwa ba laifi ba ce. Ita ce ta riƙe gidajenmu. Sai dai akwai maganar da dole ta fita, in kuwa ba ta sami ƙofa ba sai ta ci mai-ita daga ciki.

Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi tafiya daga garuruwansu, suka yi kuka, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba. Mutanen kirki ne. Ɓarnar ta fara ne sa'ad da Ayuba ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cikinsa. Ba su iya jurewa ba. Lafiyayyu ne, maganarsa ta girgiza tunanin da su ke tsaye a kai, cewa mai-adalci ba ya shan irin wannan wuya, sai suka shiga kāre tunaninsu maimakon su saurari abokinsu. A ƙarshen littafin Allah ya tsauta musu, ya kuma ce Ayuba ne zai yi musu addu'a. Muna tsammani kowane mai-ciwon daji ya taɓa gamuwa da Elifaz: mai-ƙauna, mai-ilimi, wanda ke da bayani a kan kome, gama bayanin shi ne ke kwantar masa da nasa hankali.

Hausawa sun ce jiki magayi. Akwai sanin da ba a samunsa ta kunne. Matar da aka ɗura wa maganin nan mai-ƙarfi ta jijiya, wanda mutane ke kira kemo, sau shida, mako uku-uku, ta san abin da ba ya cikin takardar likita. Ta san ranar da tashin zuciya ya fi tsanani, da ranar da ya kan lafa. Ta san gashi ya kan fara zuba wajen mako na biyu ko na uku, ta san ya kan sāke tohowa bayan an gama, ga shi ma a kanta in wata tana so ta gani. Ta san farce ya kan yi baƙi, abinci ya kan yi ɗanɗanon ƙarfe, ta san irin kunun da ya kan zauna a ciki. Wanda ya je Shika ko Abuja ko Ibadan don a gasa masa ciwon da hasken na'ura, kwana biyar a mako har makonni, ya san inda baƙo zai kwana da araha, da ƙarfe nawa ya kamata a kama layi, da abin da mutum zai yi idan aka ce na'ura ta tsaya. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon lafiyayye. Ga wanda zai shiga gobe kuwa, su ne bambanci tsakanin shiga kogi da dare shi kaɗai da shiga bayan wanda ya san mashigi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Sabuwar mai-ciwo, sa'ad da ta ga mace zaune a gabanta, wadda aka yi wa aikin shekara biyar da suka wuce, tana dariya, tana maganar kuɗin makarantar jikanta, ta ga wa'azin da ba mai-iya yi mata da baki. Wata mace a birnin New York ta Amurka, Terese Lasser, an cire mata mama a 1952. Ta farka ba wanda ya gaya mata yadda za ta motsa hannun, ko yadda za ta sa tufafi, ko abin da za ta ce wa mijinta. Da ta warware sai ta fara shiga ɗakunan asibiti wurin matan da aka yi wa irin aikin. Waɗansu likitoci ba su so ba da fari. A 1969 babbar ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta karɓi aikin, ya kuma bazu ƙasashe da yawa. A ƙasarmu ma, a Ibadan, Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ta tsira daga sankarar mama, ta kafa ƙungiyar mata masu-wannan ciwo a 1997. Kakanninmu sun riga sun faɗi dalilin a taƙaice, cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Manzo Bulus ya san wannan hanya. A farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, daga aya ta 3 zuwa ta 7, akwai kalma ɗaya ta Helenanci da ya maimaita sau goma. A Hausa an juya ta da ta'aziyya. Mu masu-aikin juyi mun san kalmar tana da ɗan ƙunci, gama a bakin mutane ta'aziyya gaisuwar mutuwa ce, a kan yi ta bayan an binne. Kalmar Bulus kuwa, faraklisis, tushenta shi ne a kira wani ya zo ya tsaya a gefenka, ya ƙarfafa ka tun kana cikin faɗan. Daga wannan tushe aka ɗauko sunan da Yohanna ya ba Ruhu Mai-Tsarki. Abin da Bulus ya koyar a wurin shi ne, ƙarfafawar da Allah ya yi wa mutum a cikin wahalarsa ajiya ce da zai miƙa wa na gaba. Ya rubuta haka bayan wata wahala da ta same shi a Asiya, wadda ya ce ta kai shi ga fid da zuciya ga rai. Idan haka ne, mai-bi da ya nemi wanda ya riga shi shan ciwon bai juya wa Allah baya ba. Ya je ne inda Allah ya ajiye masa taimakon. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kai maganar ƙololuwa: a sura 2 da sura 4 ta kafa ikon Almasihu na taimakon masu-shan gwaji a kan cewa shi kansa ya sha. In Ɗan Allah bai ga ya isa ya ji tausayinmu daga nesa ba, sai da ya ɗauki jiki mai-jin zafi, ƙaƙa za mu ce wa mai-ciwo neman wanda ya ɗanɗana abin da ya ke ɗanɗana rashin bangaskiya ne?

Yanzu fa sai mu ba dattawan nan nasu haƙƙi, gama taron masu-ciwo ba kullum ya ke zama zumunci ba. Ku karanta Yohanna sura 5. A tafkin Baitasda akwai shirayi biyar cike da makafi da guragu da shanyayyu. Duk ciwo ya tara su. Amma mutumin nan da ya shekara 38 yana ciwo ya ce ba shi da kowa. Yana kwance a tsakiyar taron masu-wahala irin tasa, ba shi da kowa! Dalilin a fili ya ke: suna jiran abu ɗaya wanda suka gaskata mutum ɗaya ne zai samu, saboda haka kowane maƙwabci abokin gāba ne. Irin wannan yana faruwa a layin asibiti inda na'ura ɗaya ce, masu-jira ɗari. Yana faruwa kuma ta hanya mai-laushi, sa'ad da masu-ciwo suka fara gwada ciwonsu: nawa ya fi naki, ke ai kin yi sa'a. Wadda ta warke ta kan manta, ta shiga ɗora wa wadda ba ta warke ba laifi, cewa ba ta dage da addu'a ba, ko ba ta ci abin da ya kamata ba. Ashe wanda ya sha ciwo ma yana iya zama Elifaz.

Hatsari na biyu ya fi wannan kisa. Mai-ciwo ya kan gaskata ɗan'uwansa mai-ciwo fiye da likita, wannan amincewa kuwa ƙofa ce da masu-sayar da ƙarya suka sani. Wata za ta ce, ni na bar allurar, na koma ga wani mai-magani a gari kaza, ga shi na ji sauƙi. Gaskiya ta faɗa, ta ji sauƙi, gama wahalar maganin ta tsaya. Amma ciwon bai tsaya ba. Wata uku ko shida sai a ji labari. Kafin nan mutum biyar sun bi ta. Mun riga mun ce ciwon iri-iri ne. Abin da ya yi wa wannan aiki ba lalle ya yi wa wancan ba, ko da a gaɓa ɗaya ciwon ya fito. Matar nan ta Markus sura 5 ta shekara 12 tana zub da jini, ta kashe dukan abin da ta ke da shi a hannun masu-magani, ciwon sai gaba ya ke yi. Gidaje nawa ne a cikinmu suka sayar da gona da shanu a kan irin wannan hanya? Abokin ciwo na gari shi ne wanda ke cewa, ga abin da ya same ni, amma ki tambayi likitanki. Sa'ad da Hezekiya ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Ba a raba addu'ar da maganin ba.

Na uku shi ne wanda ba shi da magani. Wanda ya yi abota da masu-ciwon daji zai binne waɗansunsu. Matar da ta koya miki ɗaura kallabi sa'ad da gashinki ya zube, wata rana kujerarta za ta zama wofi, ke kuwa za ki koma gida kina lissafi. Saboda wannan waɗansu su kan janye, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Waɗanda suka daɗe a irin wannan zumunci su kan ce ganin yadda wata ta shirya, ta raba kayanta, ta yi sulhu da kishiyarta ko da ɗan'uwanta, ta tafi a hankali, ya rage musu tsoro fiye da shirun da a ke yi musu a gida.

Ya kamata kuma mu faɗi gaskiya a kan abin da zumuncin nan ba ya yi, don kada a sayar wa mutane da bege na jabu. A 1989 wani likita a Amurka, David Spiegel, ya ba da labarin binciken da ya yi a kan mata 86 waɗanda sankarar mama ta riga ta bazu a jikinsu. Waɗanda suka riƙa taruwa kowane mako suna magana da juna sun rayu wajen wata 36, sauran kuwa wajen wata 19. Duniya ta yi murna. Amma da aka sāke gwadawa a Kanada da mata 235, aka bayyana sakamakon a 2001, ba a sami ƙarin kwana ba. Abin da aka samu shi ne, matan da suka taru sun fi samun kwanciyar rai, zafin ciwon kuma ya fi yi musu sauƙin ɗauka, musamman waɗanda suka fara da damuwa mai-yawa. Kada wani ya ce wannan kaɗan ne. Kwanakin mutum a hannun Allah su ke. Yadda zai cika su kuwa, a nan ne 'yan'uwa su ke da hannu.

In Baitasda ta nuna mana taron da ya lalace, 2 Sarakuna sura 7 ta nuna mana wanda ya yi kyau. Kutare huɗu suna zaune a ƙofar Samariya, Suriyawa sun kewaye birnin, yunwa ta kai inda ba ta faɗuwa. Su huɗun nan suka yi shawara irin wadda lafiyayyu ba su iya yi, suka kira mutuwa da sunanta, suka auna ta a ciki da waje da inda su ke zaune, sa'an nan suka tashi tare. Da suka tarar sansanin ba kowa, suka ci suka sha suka ɓoye kaya, sai lamirinsu ya tashe su, suka koma suka kai labari. Birnin da ya fitar da su waje, ta bakinsu ya sami ceto. A Luka sura 17 kuma, kutare goma suna tafiya tare, ɗayansu Basamariye. Lafiyayyen Bayahude ba ya cuɗanya da Basamariye, amma ciwo ya rushe katangar. Tsofaffinmu sun ga irin wannan a unguwannin kutare na Garkida, da Amanawa, da Yadakunya kusa da Kano, inda mai-yatsu ke ɗaura wa marar-yatsu igiyar takalmi, ba a tambayar ƙabila. A bencin asibiti yau Musulma da Kirista su kan raba ruwa ɗaya da tabarma ɗaya, wannan ta riƙe wa waccan jaka sa'ad da aka kira ta. Mai-bi ba shi da dalilin jin tsoron wannan. Ya karɓi alheri daga hannun da ya miƙo shi, ya kuma mayar, ba da wata dabara a zuci ba.

Sauran tambaya ɗaya mai-wuya. Idan ƙarfafawar da mutum ya samu ajiya ce, ashe wanda ya sha ciwon bashi ne a kansa ya fito ya faɗa? Muna ganin a nan sai a yi hankali. A Galatiyawa sura 6 Bulus ya faɗi abu biyu da su ke kamar suna karo: a aya ta 2 ya umarci masu-bi su taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuma ya nuna akwai kayan da ba mai-ɗaukar wa wani. Kalmomin biyu ne dabam a Helenanci. Ta fari, baros, nauyi ne mai-danne mutum. Ta biyu, fortiyon, masana da yawa suna ganin ƙunshin da matafiyi ke ratayawa da kansa ne. Kuɗin mota, da renon yara, da zaman dare, da tsoron abin da ba a sani ba, duk a kan raba su. Amma akwai ƙunshin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, ko abokin ciwo ba ya kai hannu gare shi. A Getsamani Ubangiji ya ɗauki Bitrus da Yaƙub da Yohanna, ya gaya musu baƙin cikinsa a fili, ya roƙe su su yi tsaro tare da shi. Bai ga neman abokin zama a daren wahala abin kunya ba ne. Duk da haka ya ɗan yi gaba ya yi addu'ar shi kaɗai. Akwai mutanen da Allah ya yi su masu-zurfin ciki, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Irin waɗannan kada a tilasa su tsaya a gaban taro su ba da shaida. Wani abin da zai iya ke nan, ya zauna kusa da sabon mai-ciwo a mota zuwa asibiti, ya nuna masa ƙofar da zai shiga. Maza musamman su kan fi sakin baki suna tafiya ko suna wani aiki, da a zaunar da su a da'ira a ce su yi magana.

Kada kuma a ɗauka sai wanda ya warke ne ke da abin bayarwa. A 1948 wani Bayahude ɗan ƙasar Folan, David Tasma, yana mutuwa da sankara a wani asibiti a London, yana da shekara 40, ba dangi kusa. Wata ma'aikaciyar asibiti, Cicely Saunders, ta riƙa zama da shi, suna maganar irin gidan da ya kamata a gina wa masu-ciwon ajali. Ya bar mata fam 500. Ta koma makaranta ta zama likita, a 1967 ta buɗe gidan, daga nan kuwa aikin sauƙaƙa wa masu-ciwon da ba ya warkewa ya bazu duniya. Ita ce ta koya wa likitoci cewa zafin irin wannan mai-ciwo ya haɗa na jiki, da na zuciya, da na iyali, da na ruhu, sai an dubi dukansu. A cikin gidan nan ita kanta ta rasu da sankara a 2005.

Me ya rage wa ikkilisiya? Ba mai-yawa ba ne, amma sai an yi shi da kula. Fasto ko shugabar Zumuntar Mata sau da yawa su kaɗai ne suka san cewa wance ta sha wannan ciwo shekarun baya, wance kuma jiya aka gaya mata. Sai a nemi izinin ta farin, a nemi izinin ta biyun, kowace a keɓe, sa'an nan a haɗa su. In ɗaya ta ƙi, magana ta mutu a nan, ba a kai ta wurin addu'ar safe da sunan roƙo. In sun yi yawa har suna so su riƙa taruwa, a ba su ɗaki da tabarma da ruwan sha, a sami wata nas mai-hankali da za ta riƙa leƙowa don gyara maganar magani idan ta karkace. Maƙwabciya da ba ta ikkilisiya ba, in ta zo, a matsa mata wuri. Mai-wa'azi kuwa, in ba shi ma ya sha ciwon ba, ya yi addu'ar buɗewa in sun roƙe shi, sa'an nan ya fita ya ja musu ƙofa.